Yadda ake tsara kurwar da dodanni ke zuƙa daga jikin mutane a wasan taka rawa

Duk wanda ya taɓa jan ragamar wasan taka rawa na kan tebur, inda jagora yake jan labari kowane ɗan wasa kuma ya hau matsayin wani a cikinsa, musamman irin wanda 'yan wasa suke zama masu shan jini ko fatalwa ko aljanu, ya san inda wasan yake fara sanyi. Ɗan wasa zai duba takardarsa, ya ga ƙarfinsa ya yi ƙasa, ya ce bari ya fita farauta, ya jefa ɗan ludu, ya ƙara lamba uku a takarda, a ci gaba. Wanda aka zuƙa ɗin ba shi da suna, kuma ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Da zarar an kai nan, mutanen labarin sun koma gidan mai: a tsaya, a cika tanki, a wuce. Gyaran wannan matsala ba a yawan dokoki yake ba. Yana wajen tabbatar da cewa duk ɗigon kurwa da ya shiga hannun ɗan wasa, to daga jikin wani da aka sani ya fito, kuma gurbinsa zai nuna a jikin mutumin.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: takarda da fensir, ƙananan katuttuka, ɗan ludu mai fuska goma, ƙaramin kofi ga kowane ɗan wasa, da maɓallai ko ƙananan duwatsu kamar ɗari. Kowane maɓalli ɗigon kurwa ɗaya ne.

Mataki na farko: yanke shawarar abin da ake zuƙa

Kafin ka taɓa lissafi, ka zauna ka amsa wannan tambaya: me dodon yake ɗauka daga jikin mutum? Amsar ita za ta gina maka rabin labarin, domin abin da ake ci shi ke nuna inda za a je nema.

Wasannin da suka gabata sun amsa ta hanyoyi dabam-dabam. A Vampire: The Masquerade, wanda kamfanin White Wolf ya fitar a 1991, jini ne. Mutum yana da maki goma na jini a jikinsa, mai shan jini kuma yana ƙona maki ɗaya kowane dare don kawai ya farka. A Wraith: The Oblivion na 1994, fatalwa tana rayuwa ne da zafin abin da zukata ke ji. A Changeling: The Dreaming na 1995, mafarki ne da basirar masu ƙirƙira, wato mawaƙa da masu zane da yara. A Demon: The Fallen na 2002, imanin mutum ne ake nema, ko dai ta hanyar ƙulla alkawari da shi, ko ta girgiza shi har ya gaskata na ɗan lokaci. Changeling: The Lost na 2007 kuwa ya raba aljanunsa fada huɗu, kowace da abin da ta fi so: sha'awa, fushi, tsoro, baƙin ciki.

Ka lura da yadda kowane zaɓi yake jan tauraro, wato wanda ɗan wasa ya hau matsayinsa a cikin labarin, zuwa wani wuri. Mai neman jini lungu yake nema da duhu. Mai neman baƙin ciki za ka same shi a bakin asibiti ko wajen makoki, yana ta nuna tausayi. Mai neman basira dole ya ƙulla abota da mai zane, ya yaba masa, ya saya masa fenti. A ganina waɗannan na baya sun fi daɗin wasa, saboda dodon ba shi da yadda zai yi ya ci ba tare da ya shiga rayuwar mutum ba. Ka zaɓi abu ɗaya kawai. Jagoran da ya ce kurwarsa jini ce kuma mafarki ce kuma numfashi ce, a ƙarshe ba ta zama komai.

Rubuta amsar a jimla ɗaya, ka karanta wa 'yan wasa. Misali: kurwa a wannan wasa ita ce abin da ke sa mutum ya ji yana son wayewar gari. Da wannan jimla kowa ya riga ya hango yadda wanda aka zuƙe zai kasance.

Mataki na biyu: zaman yarjejeniya

Wasan nan yana taɓa cin amana, rashin lafiya da mutuwa. Kafin a fara labari a yi zama ɗaya a faɗi abin da ba za a kawo ba sam, da abin da za a ambata a wuce ba tare da bayani ba. Tebura da yawa suna cire yara daga cikin waɗanda ake zuƙa, kuma shawara ce mai kyau. A ajiye kati mai alamar X a tsakiyar tebur, dabarar da John Stavropoulos ya fito da ita: duk wanda abu ya dame shi sai ya taɓa katin, a tsallake wurin, ba wanda zai tambaye shi dalili.

Mataki na uku: lissafin shiga da fita

A nan gizo ke saƙa, kuma a nan jagorori da yawa suke yin sakaci. Ga ma'aunin da nake ba da shawara a fara da shi, daga baya ka daidaita shi da teburinka.

Kowane tauraro yana iya riƙe ɗigo 10. Ya fara wasa da 6. Kowane dare na cikin labari yana biyan ɗigo 1 don ya ci gaba da wanzuwa, ko ya yi wani abu ko bai yi ba. Ƙaramin siddabaru, kamar gani a duhu ko sa mutum ya manta fuska, ɗigo 1 ne. Babba, kamar ratsa bango ko warkar da mummunan rauni, 2 ne ko 3. Shi kuwa mutum yana da ɗigo 5, kuma ɗigo 1 kawai yake mayarwa a mako, shi ma in an ƙyale shi ya huta.

Yanzu ka buga lissafin. Taurari huɗu, kowane yana ƙona ɗigo 1 a dare, sun ci 28 a mako tun kafin wani ya yi siddabaru ko ɗaya. Ke nan sai da mutum 28 za su iya rayuwa ba tare da sun naƙasa kowa ba. Kai kuma mutum 12 kawai za ka ba su. Giɓin 16 ɗin nan shi ne injin labarinka. Ko dai su zurfafa a jikin waɗanda suka sani, ko su fita neman baƙi a yankin da wasu dodanni suka riga suka mallaka, ko su haƙura da yunwa. Duk wadda suka ɗauka akwai labari a ciki, ba sai ka ƙirƙiro wani mugun sarki daga nesa ba.

In ka ga lissafin ya yi tsanani, rage kuɗin dare ya koma ɗigo 1 a kwana biyu. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka bar shiga ta fi fita. Ranar da kurwa ta wadata, ranar wasan ya zama na jarumai masu tashi sama.

Mataki na huɗu: gina mutanen

Ɗauki katuttuka 12. A kan kowane ka rubuta suna, sana'a, abu ɗaya da mutumin yake fata, da mutum ɗaya da zai lura in ya canza. Layi huɗu sun isa. Tsohon mai gyaran agogo da yake son kammala wani agogon bango kafin idonsa ya mutu, 'yarsa tana leƙo shi duk ƙarshen mako. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare da take tara kuɗin komawa karatu, abokiyar aikinta ba ta da sakaci. Ɗalibi mai rubuta waƙoƙi da ba ya nuna wa kowa, sai abokin ɗakinsa. Sai ka ɗora maɓallai biyar a kan kowane kati, ka shimfiɗa su a tsakiyar tebur inda kowa ke gani.

Kar ka rubuta duka da hannunka. Ka ba kowane ɗan wasa kati biyu ya cika da kansa, ka kuma ce ɗaya daga ciki ya zama wanda tauraronsa yake ƙauna tun kafin ya zama dodo. Ɗan wasa ba ya jin komai in ya cutar da mutumin da jagora ya ƙirƙira. Wanda shi ya zauna ya raɗa wa suna kuwa, hannunsa sai ya yi nauyi.

Sannan ka rubuta abin da ke faruwa da mutum a kowane ɗigo da ya rasa, ka manna inda kowa zai karanta. Ɗigo na farko, gajiya ce da yawan barci, wadda mutum zai ɗora wa aiki. Na biyu, abin da yake so ya daina yi masa daɗi, ya fara mantuwa. Na uku, ya kwanta, likita ya duba bai ga komai ba, kuma wanda ke kula da shi ya fara tambaya. Na huɗu, ya rasa wani abu da ba zai dawo ba ko da maɓallan sun dawo: fatan nan da aka rubuta a katinsa, sai ka ja layi a kai da fensir a gaban kowa. Na biyar, mutuwa. Matakin na huɗu shi ne ya fi muhimmanci, don 'yan wasa sun saba da mutuwar mutanen labari, amma ba su saba da ganin wanda yake raye yana yawo babu abin da yake jira ba.

Mataki na biyar: hanyoyin zuƙa

Ka ba su hanya uku, kowace da farashinta.

Akwai ta yarda. Mutumin ya san abin da ake yi, ko ya san wani ɓangare, ya amince saboda ƙauna ko saboda an yi masa alkawarin wani abu. Ɗigo 1 take bayarwa, tana cin lokaci, kuma dodon ya ɗauki bashi a wuyansa. Akwai ta sata, inda ake ɗauka mutum bai sani ba, yana barci ko ana cikin hira. Ita ma ɗigo 1 ce ko 2, amma tana buƙatar jifan ɗan ludu, in ya faɗi ƙasa da 6 to an bar alama: wani ya gani, ko mutumin ya farka da fuskar dodon a ransa. Sai ta ƙwace, wadda ke kawo ɗigo 3 nan take ba tare da wani shiri ba, ta kuma tsallakar da mutum kai tsaye zuwa kwanciya. Changeling: The Dreaming ya yi irin wannan rabo tun 1995: aljani yana iya zama ya rainar wa mai basira ilhamarsa ya ɗan lasa daga abin da ya samar, ko ya fizge gaba ɗaya ya bar shi fayau. Dalilin da ya sa tsarin yake aiki shi ne hanyar banza ita ce mai sauri, kuma ɗan wasan da abokan gaba suka ritsa da shi ba shi da lokacin lallashi.

Yanzu sai yunwa. Cire abin da ke cikin kofin tauraro daga 10, abin da ya rage shi ne yunwarsa. Duk lokacin da zai zuƙa, ko ta wace hanya, ya jefa ɗan ludu sau ɗaya don kame kai. In lambar da ta fito ba ta wuce yunwarsa ba, ya zarce ya ƙara ɗigo ɗaya a kan abin da ya yi niyya. Mai maɓalli 8 a kofi yunwarsa 2 ce, sau biyu cikin goma zai zarce. Mai maɓalli 3 yunwarsa 7 ce, sau bakwai cikin goma. Ka ga tarkon: wanda ya ƙi ci don tausayi shi ne zai fi yin ɓarna ranar da ya ci. Bugu na biyar na Vampire, wanda ya fito a 2018, ya bi wannan tunani har ya jefar da ƙirgen makin jini, ya maye gurbinsa da ma'aunin yunwa daga 0 zuwa 5, kuma yunwar ba ta sauka zuwa 0 sai an sha mutum har ya mutu.

Doka ɗaya da ba na sassautawa: ɗan wasa da hannunsa zai ɗauki maɓallin daga kan kati ya jefa a kofinsa. Jagora ba ya miƙa masa.

Ga yadda abin yake a tebur. 'Yar wasa tana da maɓalli 3, gobe kuma akwai faɗa. Ta ce za ta je wurin mai gyaran agogo, wanda katinsa saura maɓalli uku a kai. Kar ka ce ta jefa ɗan ludu tukuna. Ka ce mata ta same shi ya sunkuya a kan tebur, gilashin ƙara girma a ido ɗaya, ya jera ƙananan kusoshi a kan farin ƙyalle, ya ɗago ya yi mata murmushi ya ce kwana biyu hannunsa na rawa, bai san dalili ba. Ka tambaye ta me za ta ce masa. Bayan ta amsa sai ta jefa. In 5 ta fito, ta zarce: maɓalli biyu za ta ɗauka maimakon ɗaya, saura ɗaya tal a katin. Kai kuma ka ɗauki fensir ka ja layi a kan agogon bangon. A zama na gaba, in ta bi ta ƙofar shagon, agogon yana nan a buɗe, ƙura ta fara hawa kansa, tsohon yana zaune yana kallon titi. Duk wannan bai fi minti biyar ba.

Ba kowace farauta za a buga haka ba, in ba haka ba dare zai ƙare ba a yi komai ba. Ɗaya a kowane zama a buga ta dalla-dalla, sauran a taƙaita da jimla biyu, amma ko a taƙaice a ambaci sunan mutumin.

Mataki na shida: ɗanɗano da tabo

Kurwa ta zo da halin mai ita. Wanda ya zuƙi mai fushi ya sami ƙarin maki ɗaya a faɗa har zuwa wayewar gari, ya kuma rasa ɗaya a lallashi. Wanda ya zuƙi mai baƙin ciki ya ga abin da wasu ba sa gani, amma jikinsa ya mutu. Wani lokaci ka ba shi guntun tunanin mutumin: ƙamshin wani ɗaki, muryar wata da bai taɓa gani ba. Ta wannan hanya kana iya zura wa 'yan wasa sirrin labari ba tare da wani ya tsaya yi musu bayani ba.

Ka ƙara layi ɗaya a takardar tauraro don mutuntakarsa, daga 10 zuwa 0, ya fara da 7. Ƙwace tana rage ɗaya, kisa yana rage biyu. Tana sauka, hanyar yarda tana ƙara wuya, don mutane sun fara jin wani abu a jikinsu in ya matso. In ta kai 0, takardar ta dawo hannun jagora, tauraron ya zama abokin gaba. Ka faɗi wannan tun ranar farko don kar a yi rigima daga baya.

Mataki na bakwai: duniya ta mayar da martani

Duk lokacin da wani kati ya kai ɗigo na uku, ko aka bar alama wajen sata, ka sa maɓalli ɗaya a wani kofi na daban da ke gabanka. In sun kai biyar, wani ya fara bincike: 'yar mai agogo, likitan da ya ga marasa lafiya uku masu alamu iri ɗaya, ko wani tsohon dodo da ya ga ana jawo masa ido. In sun kai goma, an zo ƙofa. Kar ka ɓoye kofin. Ƙarar faɗawar maɓalli a cikinsa ta fi duk wani gargaɗi da za ka yi da baki.

In 'yan wasan ne ake zuƙa

Wani lokaci 'yan wasa mutane ne, dodon yana hannunka. A nan akwai darasi daga Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. A tsofaffin bugunsa, taɓawar wasu matattu masu yawo tana ƙwace wa tauraro daraja guda cur, wato matakin ƙarfi ɗaya, mai shan jini kuma biyu yake ƙwacewa. Abin da ɗan wasa ya yi watanni yana tarawa sai ya tafi a jifa ɗaya. Tsoron da wannan ya haifar na gaske ne, amma ɗan wasan ne ake hukuntawa, ba tauraronsa ba. Bugu na uku na 2000 ya sassauta, bugu na biyar na 2014 kuma ya mayar da abin rage iyakar makin lafiya har sai an yi dogon hutu. Wannan kuma ya yi sauƙi da yawa, barci ɗaya ya goge komai.

Ka bi tsakiya. Yi amfani da matakai biyar ɗin nan a kan tauraron, amma ka bar ɗan wasa ya zaɓi abin da zai rasa a mataki na huɗu: wani tunani na yarinta, sunan wani, ko iya wata sana'a da ba ta shafi faɗa ba. Ka kuma buɗe hanyar dawo da shi wadda sai an yi tafiya an sha wuya, misali a kashe dodon kafin wata ya cika, ko wani tauraro ya ba da ɗigo daga nasa.

Gyara bayan zama uku

Bayan zama na uku ka duba kofuna da katuttuka kafin a tattara. In kofunan 'yan wasa kullum suna kan 8 ko 9, kurwa ta yi araha: cire kati biyu ta hanyar labari, wani ya yi ƙaura, wani dodo ya ƙwace wani. In kullum suna kan 1 ko 2 kuma ba wanda ke yin siddabaru, ka matse su da yawa: ƙara kati, ko ka sa mutum ya riƙa mayar da ɗigo 2 a mako in dodon ya yi masa wani alheri na gaske. In ka ga kati ɗaya kowa yana kauce masa, ba wanda ya taɓa maɓallinsa tun farko, to wannan mutumin suke ƙauna. Ka sa wani dodo daga waje ya fara zuƙarsa, ka cire maɓalli ɗaya daga katin a farkon zama na huɗu ba tare da ka ce komai ba, ka jira wanda zai fara lura.